Kada Ka Shiga Jirgin Babanka Tukuna

Talata Mafara,
Ranar Laraba, bayan azahar.

Ɗanbaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka da gajiyar shirin tafiya da kai-kawon kwanakin nan. Allah Ya sa ka fita a sa'a, Ya tsare ka a hanyar Maradun, zuwa da dawowa, Ya haɗa ka da abokan aiki na gari a asibitin da aka tura ka. Allah Ya jiƙan babanka, Ya sa ya huta.

Za ka yi mamakin takarda daga wadda ɗakinta ke kallon naka. Ka san halina da kai. Kai ne na fari, ban saba doguwar magana da kai ba, kuma na tsufa da koyon sabon hali. Sau uku ina aika ƙanwarka Hadiza ta kira min kai, in ka zo ka durƙusa sai bakina ya yi nauyi, in ce ka duba ko an ba awaki ruwa. Shi ya sa yau na yage tsakiyar littafinta. Rubutuna na 'yar aji shida ne ta Bakura, in ka ga kuskure ka tsallake shi.

Maganar jirgin ruwan babanka ce. Na ji ka yi magana da mai motar da zai ɗauke shi ranar Asabar tare da kayanka. Na kuma ji kana gaya wa abokinka Nasiru a zaure cewa Lahadi da safe za ku sa shi a dam, ku kamo kifin da za ku ci. Kada ka shiga jirgin nan, kada kuma ka sa ɗan mutane a ciki. Fentin da kake gani sabo ne, amma abin da ke ƙarƙashinsa ba lafiya gare shi ba. Na san haka domin ni na ja. Zan faɗa maka tun daga farko, don ka san irin uwar da ta riƙe maka shi.

Lokacin da babanka ya ajiye aikin buɗe ƙofofin kanal na ban ruwa, kana makaranta, ba ka ga farkon abin ba. Ya tafi wajen Malam Labbo, tsohon nan mai haɗa jirage a bakin dam ta ɓangaren Maradun, ya sa aka haɗa masa ɗan ƙarami na katako, mai cin mutum biyu. Ba don ya sayar da kifi ba. Ya hau mashin da safe, ya je ya jefa fatsarsa, ya dawo da tarwaɗa uku ko karfasa biyar, wani lokaci ba komai, yana ta fara'a kamar an yi masa albishir. Ni abin bai yi min ba. Na ce wa babanka, "Malam, danginmu manoma, naku manoma. Mi ya haɗa ka da sana'ar masunta da furfurarka?" Ya ce, "Shekara da shekaru ina buɗe ma ruwan nan ƙofa yana wucewa, ban taɓa zuwa gidansu na gaishe shi ba." Ban yi dariya ba a ranar. Da ma na yi.

Tunda na raina jirgin, sai na raina kayansa. Akwai wani galan rawaya da ya yanke a karkace ya bar mariƙinsa, yana ajiye shi bayan ƙofa tare da filafilin tuƙi. Na gan shi na ce wannan ai ya yi daidai da ɗiban dusa. Na ɗauka ban tambaya ba. Washegari ya tafi bai lura ba. Ashe da shi yake kwashe ruwan da ke taruwa a cikin jirgi. Ranar kuwa aka yi iska, ruwa ya riƙa fantsamowa ciki, ba abin kwasa. Da hularsa ya kwashe har ya kai gaɓa, hular zanna ce kuwa, wadda ka kawo masa tsaraba. Ya shigo gida kai ba hula, yana riƙe da ita tana ɗiga tana ƙarni. Na ce, "Lafiya?" Ya leƙa garke, ya ga galan cikin dusa, ya ce, "Awakinki dai sun ƙoshi ko?" Iyakar faɗan ke nan.

To ka ji. Duk abin da ka gani a cikin jirgi, ko ya yi kama da shara, aikinsa yake yi. Abin kwashe ruwa ka huda shi ka ɗaure da igiya a jikin mazauni, yadda ba mai ɗauka, iska ma ba ta ɗauka. Filafili biyu ake tafiya da su, don ɗaya na iya suɓucewa. Kafin ka tura jirgi ka taɓa kowane abu da hannunka: abin kwasa, filafili, gorar tura jirgi, igiyar ɗauri. Babanka daga ranar haka yake yi, yana taɓawa yana ƙirgawa a fili kamar ɗan firamare, ko da tsakar gida yake.

Na biyun ya fi wannan muni. Ya taɓa sayo rigar nan ta kariya da ke hana mutum nutsewa, mai launin lemo. Ya sa ta a tsakar gida don ya gwada igiyoyinta, ga matan maƙwabta muna surfe. Na dube shi na ce, "Sai lamba ta rage a rubuta maka a baya, ka fara ɗaukar fasinja zuwa tasha." Mata suka kwashe da dariya har da tafawa. Shi ma ya ɗan yi murmushi, ya cire ta ya rataye a ƙusa. Bai sake sa ta ba. Shekara bakwai yana shiga ruwan nan da 'yar shara kawai, saboda magana ɗaya da na yi don in ba mata dariya. Allah Ya tsare shi, ajalinsa ya same shi a kan shimfiɗarsa da hawan jini. Amma wannan ba wayona ba ne. Da abin ya zo ta ruwa, ban san da wane ido zan dube ku ba.

Rigar tana cikin akwatinsa, na sa Hadiza ta fito maka da ita. Ka ja igiyoyin da ƙarfi ka ga ko sun ruɓe, ka shiga da ita inda ruwa bai wuce ƙirji ba ka kwanta ka ga ko tana ɗaga ka. Ka nemo wa duk wanda zai shiga tare da kai tasa. Na san ka iya iyo, amma iyon kanal ka iya, inda in ka miƙa hannu za ka taɓa siminti. Nasiru kuwa ko kanal ɗin bai taɓa shiga ba, uwarsa ce ta gaya min. In masunta sun yi maka dariya ka bar su su yi. In matar da za ka aura ta yi maka, ka ba ta labarina.

Yanzu ga babbar.

Da babanka ya rasu ka yi mana kwana bakwai ka koma Sakkwato ka ƙarasa karatu. Ni na shiga takaba. Kwanakin nan ba maganar da ke shiga kunnena sai ta gado. 'Yan'uwansa suna zuwa suna tambayar gonar Garbadu, malamai suna cewa a tattaro duk abin da ya bari wuri ɗaya kafin a raba. Na aika bakin dam na ce a kawo jirgi gida a haɗa da sauran kayansa. Malam Labbo ya yi ta kiran wayata, ni kuma a lokacin ba na ɗaukar kiran kowa. Da ya gaji sai ya sa aka rubuto min saƙo. Har yau yana cikin wayar, ga shi yadda yake: "Salamu alaikum. Daga Labbo. A gaya ma uwar gida jirgi ba gado ba ne. A bar shi nan wurina."

Na karanta sau uku. Na ce wato tun ba a yi arba'in ba, abokin mutum zai ce jirginsa ba ya cikin gadon 'ya'yansa, a bar masa? Ban nuna wa kowa mai hankali ba. Na kira kawunka Isa daga Bakura, ka kuwa san shi, ba a gama gaya masa magana yake tashi. Ya ɗauki a-kori-kura ya tafi. A gaban masunta ya kira tsohon nan mai cin kayan marayu. Direban ya gaya min daga baya yadda Malam Labbo ya yi. Da hannunsa ya kama aka ɗora jirgin, har ya kawo tsofaffin buhuna ya shimfiɗa a ƙasan motar don kada ya gurje.

Aka sauke shi jikin katangar yamma, a ƙasa. Na wanke shi da sabulu ciki da waje, na bar shi ya sha rana ya bushe sarai, a ganina gata nake yi masa. Ni da na san ba a barin turmi a rana, na san akushi in ya bushe tsagewa yake, ban taɓa kawo wa raina cewa jirgi ma ice ne ba. Gaskiyar magana, ina son ganinsa kusa. Da hantsi in na gama aiki nakan ɗauko kujera in zauna gefensa. In rana ta taɓa shi yana fitar da warin kwalta da na kifi, irin wanda babanka ke shigowa da shi gida. Warin da na shekara bakwai ina mita a kansa.

Haka ya yi rani a wurin, ya yi bazara. Cikin zafin nan na tsakar rana sai in ji ya yi ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ban kula ba. Ran nan kaza ta yi ƙwai a cikinsa, na sunkuya zan ɗauko, sai na ga haske yana shigowa ta tsakanin katakan. Wata tsagar har ɗan yatsana na shiga. Na leƙa ƙasansa na ga gara ta yi gini. Na kankare ginin da kara, na koma ɗaki na zauna.

Abin da ya kamata in yi a nan na sani: in faɗa. Ban faɗa ba. Sallah ta matso, kana shirin dawowa gida gaba ɗaya, na kasa jure ka zo ka ga abin babanka ya lalace a hannuna. Na kira mai fentin ƙofofi na bayan kasuwa. Ya kwaɓa garin katako da gam ya cike tsagogin, ya goge, ya shafa shuɗi, ya ja farin layi a baki. Na tambaye shi, "Zai riƙe ruwa?" Ya ce, "Inna, ni ƙofa nake wa fenti. Ban dai taɓa jin ƙofata ta nutse ba." Na ji amsar, na kuma gane ta, amma na yi kamar ya ce eh.

Ka tuna ranar da ka dawo. Ka ajiye jaka ka nufi jirgin, ka zagaya shi kana shafawa. Ka zo ƙofar ɗakina ka durƙusa ka ce, "Inna, Allah Ya saka da alheri, kin riƙe amanar Baba." Ka ga na tashi na shige ciki, ka ɗauka kukan tuna shi nake. Ba shi ba ne kaɗai.

Bayan Sallah da mako biyu, ranar da ka tafi Gusau karɓo takardar aiki, aka yi sallama a zaure. Malam Labbo ne, da sandarsa da ƙunshin bandar kifi. Na sa mayafi na fito, muka gaisa doguwar gaisuwa, ya yi min ta'aziyya kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu. Sannan ya ce, "Uwar gida, in da hali in ga mutumin nawa." Na yi masa iso. Ya tsaya ya dubi fentin ya ce, "Kai, an yi ma ango kwalliya." Ya ƙwanƙwasa gefe da sanda, ya ƙwanƙwasa ƙasa, ya saurara. Ya sa farcen babban yatsa a layin haɗi ya danna, abin da mai fenti ya cusa ya burma ciki kamar ƙuli-ƙuli. Ya girgiza kai ya ce, "Ai shi ya sa na aiko maki. Jirgi ba gado ba ne, da za a jingine shi a tsakar gida ya sha rana. Gado in ya bushe daɗin kwanciya shikai. Wanga in ya bar ruwa mutuwa shikai."

Ɗanbaba, sai a nan na gane. Gado na kwanciya yake nufi. A baki ko yaron goye ba zai haɗa su ba, wannan daban wancan daban. Amma a rubuce harafi huɗu ne iri ɗaya, ni kuma na karanta wanda ke cikin zuciyata. Wata takwas ina riƙe da tsohon nan a rai, na sa an zage shi a gaban mutanensa, alhali cewa yake a bar masa jirgin cikin ruwa ya kula mana da shi.

Ka san abin da na yi? Na ce, "Bari in kawo maka ruwa." Na kawo, ya sha, ya yi min bayanin gyara, ya yi sallama ya tafi. Ban ba shi haƙuri ba. Bai ma san yadda na karanta saƙonsa ba, har yau yana zaton na ji na ƙi ne. Daga bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Don girman Allah kada kowa ya shiga shi haka. Zai ɗauki mutum lafiya lau har tsakiya, can gam ɗin zai jiƙa ya saki."

Saboda haka in saƙo ya zo maka a rubuce ya ɓata maka rai, daga wurin aiki ne ko daga gida, kada ka aika kowa. Ka kira mai shi ka ji da muryarsa. In kuma ka ɓata abu, ka bar shi a ɓace yadda mai gyara zai ga ɓarnar. Aikin asibiti za ka yi, ka fi ni sanin abin da ke faruwa da ciwon da aka rufe.

Ga abin da ya ce a yi, na sa Hadiza ta rubuta a ranar don kada in manta. Kada a sauke jirgin a masaukinka, a wuce da shi kai tsaye wurinsa. Za a kankare fentin duk inda katako ya haɗu da katako, a ƙwaƙule garin nan da gam har ya fita tas. Za a bi ƙasansa da tsinin wuƙa, duk inda wuƙa ta shige ba gardama gara ta cinye, sai an sauya wannan katakon. Ƙusoshin da suka yi tsatsa ko suka saki a zare su. Sannan a kai shi inda ruwa bai wuce gwiwa ba, a loda masa duwatsu a nutsar da shi, a bar shi mako guda ko fiye ya sha ya kumbura. Kada ganin ya nutse ya tayar maka da hankali, maganinsa ke nan. Ya ja kunne ƙwarai a kan abu ɗaya: ba a cusa wa busasshen jirgi auduga. In aka cika tsaga yana bushe, ranar da katako ya kumbura ba shi da wurin zuwa, sai ya ture ƙusa ko ya tsage a wani wurin. Sai an ɗago shi an ga tsagar da ruwa bai rufe ba, ita za a tura wa auduga da ƙarfe marar kaifi, a bi da narkakkiyar kwalta. Bayan nan ma ba mutum ne zai fara shiga ba. Buhunan yashi za a sa masu nauyin mutum biyu, a ɗaure shi a gaɓa ya wuni, a ga abin da ya tara. Fenti shi ne na ƙarshe, in ma an ga dama.

In ya rayu, wurin zamansa ruwa ne, a ɗaure a inuwa, ka riƙa leƙa shi kana kwashe abin da ya tara. In za ka yi doguwar tafiya ka bar shi hannun Malam Labbo. Kada ka fita in ka ga hadari ya haɗo ko da daga nesa, kada ka miƙe tsaye a ciki don kifi ya ja, kuma la'asar ta yi maka a tudu, ka san yadda hanyoyinmu suke yanzu.

Sai dai ban ɓoye maka ba, da na tambaye shi ko zai gyaru, bai ce eh ba. Cewa ya yi, "Sai ruwa ya faɗa." Yana iya yiwuwa a ɗago shi a ga ba abin da ya rage. Na san abin da jirgin nan yake a wurinka, ba ka samu zama da babanka a cikinsa ba sai sau biyu, kana ta cewa in ka gama karatu. In tsohon ya ce ya mutu, ka yarda da shi. Kada ka lallaɓa shi ka shiga don kunyata, ko don kada a ce jirgin babanka ya ƙare. Na riga na binne mutum ɗaya a shekarar nan. Kada kuma ka dawo min da katakan gida, ka bar masa ya cire abin da zai yi amfani a jikin wani jirgin.

Abu na ƙarshe. Na so in ce ka ba shi haƙuri a madadina, har na rubuta na soke. Ba kai ka yi ba. A gaban masunta aka zage shi, a gabansu ya kamata a wanke shi. Na aika wa kawunka Isa, ya yi ta gunaguni amma ya ce zai zo. Ka gaya wa mai motar ya bar mana wuri biyu a gaba. Ranar Asabar tare za mu tafi. Ban taɓa ganin dam ɗin nan da idona ba, ka riƙe ni in za mu gangara.

Allah Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a ruwa. Ya tsare Nasiru da duk wanda zai zauna a bayanka. Ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiya, Ya kai ka lafiya Ya dawo mana da kai lafiya. In ka gama karantawa ba sai ka zo ka ce min komai ba. Ka je ka gaya wa Nasiru Lahadi ta fasa.

Wassalam.

Innarka.